Gemu da Tamola

A Kankiya da Kusada, kamar sauran garuruwanmu, wasa yana da ranar ritaya, kuma kowa ya san ranar ko da ba a rubuta ta a ko'ina ba. Ranar ɗaurin aure ce. Saurayin da jiya shi ne lamba taran unguwa, wanda yara ke rububin riƙe masa takalmi, da zarar an shafa fatiha sai ya fara ja da baya. Zai leƙo fili na ɗan lokaci bayan biki, sannan wata rana a gan shi a bakin layi da doguwar riga da hula, hannu a baya, yana ba da shawara. In aka yi haihuwar fari, shi ke nan, takalmin ya koma hannun ƙane. Ƙafarsa lafiya lau, numfashinsa bai gaza ba, shekarunsa ba su kai talatin ba. Abin da ya fitar da shi daga fili magana ce guda, wadda wata gwaggo ko wani kawu zai faɗa masa cikin taushin murya: “Haba Malam, da iyalinka kana bin tamola da gajeren wando?”

Ba ko'ina abin yake haka ba. A Amurka akwai wani wasa da ake kira sofbol, ƙanen besbol, ana yin sa da kulki da ƙwallo. Ɗaya ya jefo, ɗaya ya maka, ya sheƙa yana zagaya tashoshi huɗu kafin abokan hamayya su cafke ƙwallon su riga shi isa. A Cikago aka fara shi a 1887, a wani kulob na masu tseren kwale-kwale da ake kira Farragut. Samari ne suka taru suna jiran sakamakon wasa tsakanin jami'o'in Harvard da Yale, sai aka ɗaure safar dambe da igiyarta ta zama dunƙule, aka samo sanda, aka fara bugu a cikin ɗaki. Wani ɗan jarida, George Hancock, shi ya zana musu fili da alli a daɓe, daga baya ya tsara dokoki. A 1895 wani jami'in kashe gobara a Minneapolis, Lewis Rober, ya shirya irinsa don ma'aikatansa su riƙa motsa jiki yayin da suke zaman jiran kira. Wasan ya yi nisa har mata suka fara buga shi a gasar Olamfik a 1996, amma ba can ransa yake ba. Ransa yana filayen unguwa da yamma, bayan an tashi aiki, inda ma'aikatan kamfani guda, ko 'yan coci guda, ko maƙwabta kawai, suke haɗa ƙungiya, su biya kuɗin rajista ga ofishin kula da filaye na garinsu, a ba su jadawali na mako-mako har bazara ta wuce.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda suka zauna suka lanƙwasa dokokin don kada wasan ya kori kowa. A irin wanda abokai suka fi yi, ba a yarda mai jifa ya wurgo ƙwallo da ƙarfi ba. Daga ƙasa zai jefo ta, ta yi sama ta lanƙwaso a hankali, don ko wanda bai ƙware ba ya samu ya buga. 'Yan wasa goma ne a fili maimakon tara, zagaye bakwai maimakon tara. In ƙungiya ɗaya ta yi wa ɗaya nisa ƙwarai, a tsayar da wasan, ba a tsayawa cin mutunci. Wanda gwiwarsa ke ciwo ya buga, wani ya yi masa gudun. A rukunin dattawa, masu shekara hamsin zuwa sama, har tashar ƙarshe ake rabawa biyu, ta mai gudu daban, ta mai tsaro daban, don kada tsofaffi biyu su yi karo. Mutanen da suka yi wannan tunani sun ɗauki wasan magidanci da muhimmanci. Sun san yana da aiki gobe da safe, yana da 'ya'ya, ba zai iya karaya ba, kuma duk da haka suna son ya zo.

In na waiwaya baya, ba zan ce a da magidantanmu suna wasa ba. Langa ta yara ce da samari. Da kaka, in an gama girbi, farin wata ya fito, dandali yakan cika, a raba gida biyu, kowa ya kama babban yatsan ƙafarsa ta baya yana tsalle da ɗaya, ana kare ɗan wasan da ake kira ruwa har ya kai gida, ana ture na wancan ɓangare. Wanda bai taɓa yin langa ba ba zai gane irin dabarar da ke cikinta ba: wa za a sa gaba, wa zai tsaya jikin ruwa, wa za a bari ya ja hankalin ƙaƙƙarfan cikinsu gefe. Kokawa ta samarin manoma ce, dambe na 'ya'yan mahauta da kalangunsu, sharo na Fulanin da ke kewaye da mu. Duk waɗannan, mutum yana girma yana barinsu. Amma magidancin wancan zamani yana da abin da ya tsaya masa a madadin, wato gayya. A kira mazan unguwa gonar mutum guda, a jera a bakin kunya, makaɗi yana biye da gangar noma yana kiran kowa da kirarinsa, a ga wa zai riga fita. Akwai gasa a ciki, akwai zolaya, akwai gumi tare, a ƙarshe a zauna inuwa a sha fura daga ƙwarya guda. Duk abin da Ba'amurke ke nema a filin sofbol, iyayenmu suna samunsa a gonar gero, kuma a tashi an nome gona. Gayya ta ja baya sannu a hankali. Garmar shanu ta yawaita, maganin feshi ya rage noman hannu, aiki ya koma na ƙwadago, a yi ciniki a biya. Ba wanda zai yi kukan sauƙin da aka samu. Amma da gayya ta tafi, ta tafi da wurin da manyan maza ke haɗa jiki su yi abu tare, kuma ba mu sa komai a gurbinta ba.

Mu da muka taso a shekarun 1980, tamola ce ta karɓe mu daga langa. Da ta tsumma aka fara, a cusa tsummokara cikin tsohuwar safa a ɗaure da kyauro ko roba. Daga nan sai ta roba mai tashi da iska, sannan in Allah ya yi wa unguwa arziki, a yi karo-karo a sayo ta fata mai bulada, wadda rabin rayuwarta a wurin mai faci take yi. Duwatsu biyu ko takalma su ne raga. Babu usur, babu alƙali, gardama ce ke yanke hukunci, kuma in ta ƙi ƙarewa mai ƙwallo ya ɗauki abarsa. Kiran sallar magariba shi ne tashi, ko ana kunnen doki ko an ci wani goma. A 1985, da yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 16 suka ci kofin duniya a ƙasar Sin, suka doke Jamus ta Yamma da ci 2 da nema, a rediyo labarin ya iso mu, kuma ya sa kowane yaro ya ji cewa abin da yake yi a lungu yana da daraja.

Wasannin da suka fi zama a raina su ne na zumunci tsakanin garuruwa. A rubuta wasiƙa da biro a takardar makaranta, a ba wani mai zuwa kasuwa ya kai. In amsa ta dawo, a fara shiri: a ari riguna, a rubuta lamba da fenti, a tara kuɗin a-kori-kura, wanda bai samu wuri ba ya bi da keke. 'Yan Kankiya su je Kusada, 'yan Kusada su rama ziyara, haka Rimaye da Kafin Soli da Tafashiya, haka Yashe da Mawashi, wani lokaci har Ingawa ko Caranci. Babu kofi, babu ko sisi. Masu masauki su ne da ruwan sha da rake ko ƙosai, kuma abin kunya ne baƙo ya koma da ƙishirwa ko da ya ci ku. Akan yi faɗa, ba zan ɓoye ba, wani lokaci har a raka baƙi da jifa zuwa bakin hanya. Amma mako biyu bayan haka wata wasiƙar za ta zo. Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take, kuma da ƙafar muka yi ta. Har yau in na shiga Kusada, akwai gidajen da nake sallama a ce in shigo ba don dangantakar jini ba, sai don mun taɓa tarar juna a fili. Na san aure da aka ƙulla ta wannan hanya, na san wanda ya samu abokin kasuwanci, na san gawar da 'yan tsohuwar ƙungiyar hamayya suka zo suka ɗauka.

To ina waɗannan mutane yanzu? Suna nan, mafi yawansu. Suna kan benci a majalisa, daga la'asar zuwa isha, ko suna gidan kallo.

Gidan kallo ya canja mu fiye da yadda muke yarda. A 1996, da Nijeriya ta doke Brazil 4 da 3 ta kuma doke Ajantina 3 da 2 a gasar Olamfik ta Atlanta, da Tijjani Babangida da Garba Lawal a cikin tawagar, kallo taron gari ne, a talabijin guda da aka fito da ita ƙofar gida. Washegari kowa ya tafi fili yana kwaikwayo. Bayan shekara ta 2000, da tauraron ɗan'adam da janareto suka yawaita, sai aka kafa rumfunan kwano da benci, a biya kuɗi a shiga, kuma lokacin da ake buga gasar Ingila ranar Asabar da Lahadi ya faɗo daidai lokacin da muke fita fili. Mutum ba zai kasance wuri biyu ba. Sannu a hankali sai hira ta tashi daga wane ya yanke wane a filin unguwa, ta koma Arsenal da Chelsea, Madrid da Barcelona. Na ga abokai na shekara da shekaru sun yi gaba a kan ƙungiyoyin da ba su san da zamansu ba. Daga baya wayar hannu ta kawo cacar ƙwallo har cikin aljihu, kuma wannan ita ce ta fi ci mini rai, domin yaron da ya sa kuɗin cefanen gidansu a kan wasa ba ƙwallo yake kallo ba, ƙaddararsa yake kallo, kuma ko ƙungiyar da yake so ta ci, in takardarsa ta yage da baƙin ciki zai kwana.

Su kuwa samarin da suka rage a fili, wasan ya yi musu nauyi. Ba laifinsu ba ne. Sun ga Ahmed Musa ya tashi daga Kano Pillars ya tafi Turai a 2010, har ya kai Leicester a 2016. Sun ga Katsina United tana karɓar baƙi a filin wasa na Muhammadu Dikko. Kowane yaro mai ƙafa yana ganin wata ƙofa ce, a ƙasar da ƙofofi suka yi ƙaranci. Don haka ƙungiyar unguwa ta zama kulob mai koci da horo safe da yamma, wanda bai iya ba ya zauna benci har ya gaji ya daina zuwa. Gasa kuma ta koma hannun masu neman kujera: kofin wane, kofin wance, da hotonsu a jikin riga, musamman in zaɓe ya ƙarato. Ina ganin amfaninsu, domin suna kawo riguna da ƙwallaye da ba mu taɓa mafarkin samu ba. Amma da kuɗi ya shigo, sai hayar 'yan wasa daga wani gari ta shigo, sai ƙaryar shekaru, sai zargin alƙali, sai wasan ƙarshe da ba a iya bugawa sai da 'yan sanda. Zaɓe na wucewa kofin ya ɓace. A irin wannan fili babu wurin tela mai shekara arba'in da ke son ya yi gumi na sa'a guda ya koma shagonsa.

Filin ma kansa ya ƙanƙance. Inda muka fi bugawa a yarinta yanzu gidaje ne, an yanka shi fuloti-fuloti, kuma ban san wanda ya tsaya ya ce a bar wa yara ko kusurwa ba. Filayen makarantu da yawa an zagaye su da katanga, da dalili mai kyau, amma ƙofar takan kasance a rufe da yamma. Ga kuma matsalar tsaro da ta addabi yammacin jihar Katsina ta matso kusa da mu a 'yan shekarun nan, har uba yana tunani kafin ya bar ɗansa ya hau mota zuwa wasa a ƙauye ya dawo bayan magariba.

Abin da ke ba ni ƙarfin gwiwa shi ne, a wannan jiha tamu muna da shaidar cewa girma da wasa suna iya zama tare. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, ta shigo da ƙwallon bango da ake kira faif, wasan makarantar Eton ta Ingila, kuma ana danganta kawo shi ga wani malami Bature mai suna Hogben. Mutum biyu da biyu ne a cikin bango uku, suna marin ƙwallo da tafin hannu. A Ingila da ƙaramar ƙwallo mai tauri ake yi, da safar hannu. A nan, da yake bangon na ƙasa ne, sai aka koma ƙwallon tanis, wadda ba ta fasa bango ba ta fasa hannu, wasan ya zama namu. A asalinsa ko alƙali ba shi da shi, 'yan wasa ne ke faɗin gaskiya a kan kansu. Ahmadu Bello ya koye shi yana ɗalibi a Katsina, kuma yana Sardauna, yana Firimiyan Arewa, bai bari ba. Har yau ana gasar kofinsa. Sarkin Katsina Usman Nagogo, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, duniya ta san shi a ƙwallon dawaki, wasan da mahaifinsa Sarki Muhammadu Dikko ya kafa a garin. Ba wanda ya ce girmansu ya faɗi. Sai dai faif ya tsaya a hannun 'yan boko, ƙwallon dawaki a hannun masu doki, talakan ƙauye kuwa aka bar shi da cewa wasa na yara ne. Mun yarda gemu ba ya hana neman ilimi, amma mun bar shi yana hana motsa jiki. In kuma ta fuskar addini ake jin nauyin, malamanmu sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, ya kuma yi kokawa da Rukana. Abin da ake nema shi ne a rufe al'aura, a kiyaye lokacin salla, a bar caca da zagi. Dogon wando ya wadatar.

Na ambaci Nana A'isha, don haka ba zan tsallake mata ba. Su ritayarsu ta fi tamu saurin zuwa, ta kuma fi tsanani. Yarinyar da ta taso tana gaɗa da carafke da tsalle-tsalle a dandali, daga ranar da aka kai ta ɗaki an gama. Da can daka da niƙa da ɗaukar ruwa suna motsa mata jiki, ko da wahala ce. Injin niƙa ya ɗauke daka da niƙan, alhamdu lillahi. Ba ina kiran a kwaikwayi Amurkawa masu haɗa maza da mata a ƙungiya guda ba, wannan ba tsarinmu ba ne. Amma farfajiyar makarantar 'yan mata ko ta Islamiyya mai katanga, da yammacin da babu karatu, da mace mai kula da ƙofa, me zai hana matan unguwa su yi ƙwallon raga a ciki? Duk wanda ya taɓa raka mahaifiyarsa asibiti a kan hawan jini ko ciwon suga ya ji likita yana cewa a riƙa motsa jiki, kuma ya san ta dawo gida ba ta da inda za ta yi.

Akwai ɗan motsi da ya fara. A garuruwa da dama yanzu za ka ga ƙungiyar tsofaffin 'yan wasa suna fita da safiyar Lahadi bayan asuba, malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da direbobi da 'yan kasuwa, wasu da tumbi, wasu da furfura. Suna tara kuɗin mako, in ɗayansu ya yi haihuwa ko rashi su tafi tare. In ƙaramin cikinsu ya tunkari babba da ƙwallo za ka ji ana cewa, “Bi Alhaji a hankali, kai yaro,” shi kuma in ya taka shi ya tsaya ya ce, “Yi haƙuri, Yaya.” Wannan ya yi kyau ƙwarai. Inda nake ganin gyara shi ne, har yanzu na waɗanda suka taɓa yin suna ne, kuma da dokokin samari suke bugawa: cikakken fili, minti casa'in, tarar ƙafa. Mutum guda ya gurɗe ko ya karye, matarsa ta ce ai ga irinta nan, abokansa biyar su daina zuwa. A Ingila, a garin Chesterfield, an ƙirƙiro ƙwallon tafiya a 2011 don masu shekara hamsin zuwa sama: wanda ya yi gudu an busa masa, ƙwallo ba ta wuce kai, ba a shiga jikin juna. Mu ma muna iya yanka namu daidai jikinmu. Rabin fili, mutum bakwai-bakwai, minti ashirin a juya, canji ba iyaka, ba zamiya a ƙafar mutum. Kada a sa kofi, kada a karɓi rigar ɗan takara. Duk wanda ya biya karo-karo sai ya taɓa ƙwallo, ko bai taɓa buga wa kowace ƙungiya ba a rayuwarsa.

Daga ƙaramar hukuma ba a bukatar kwangila. Fili guda a Kankiya, guda a Kusada, da takarda a rubuce cewa ba za a yanka su ba, da izinin shugabannin makarantu a buɗe ƙofa ranar da babu karatu. Jadawalin kuwa mu za mu rubuta shi da kanmu, mu kauce wa ranakun kasuwa da lokacin shuka, mu fara bayan an kai amfanin gona gida, wannan mako a Kankiya, mai zuwa a Kusada, masu masauki su ne da ruwa.